Noman Tumatir a Tukunya Cikin Gida

(Jawabin malamin gona ga magidanta da matan gida a Wusasa, Zariya)

Maganar da ta kawo ni yau ita ce yadda mai gida ko uwargida za su shuka tumatir a tukunya, ko jarka, ko buhu, a tsakar gida, ya yi 'ya'ya a yi miya da shi a lokacin da na kasuwa ya fi ƙarfin aljihu.

Kowa a nan ya san yadda abin yake tafiya. Daga Disamba zuwa Maris tumatir yakan yi arha, don a lokacin ne masu lambu na bakin Galma da Kubanni, da na Kadawa can ƙasar Kano, suke kwasar nasu. Har yanka shi ake yi ana shanyawa a bakin hanya saboda rashin mai saye. Amma da bazara ta kama, ruwan fadama ya ja baya, sai ya soma ɓuya. Daga Mayu zuwa Agusta kuwa, uwargida ta je Ɗan Magaji ko kasuwar Tudun Wada, abin da za a ɗora mata a faranti bai kai ya yi wa miya launi ba. A shekarar 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin a watan Mayu, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsaya don rashin abin niƙawa. A 2024 ma an sake shan irin wannan wahala, babban kwando ya haura Naira 100,000 a kasuwannin Legas. To, tukunya goma a tsakar gida ba za ta sauke farashin kasuwa ba. Amma za ta iya rufa wa gida ɗaya asiri a watannin nan, in an yi aikin yadda ya kamata.

Wani zai ce, malam, don me ba za a shuka a ƙasa kawai ba? Wanda yake da fili mai kyau a bayan gida ya shuka, ban hana shi ba. Sai dai da yawa daga gidajenmu a nan, musamman na gindin duwatsu wajen Kufena, ƙasarsu tsakuwa ce da marmara. Wasu kuma an shafe tsakar gidan da siminti. Sa'an nan ga babban dalili: cututtukan da ke kashe tumatir da damina, yawancinsu a cikin ƙasa suke zaune. A tukunya kai ne ka zaɓi ƙasar da hannunka, kai ne ke auna ruwan, in ruwan sama ya yi yawa kuma ka ja tukunyarka ka sa ta a inda ba zai doke ta ba. Mai gona ba shi da wannan dama.

Wane iri za a shuka?

A nan ne mutane da yawa suke ɓata aikinsu tun ba a fara ba, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Tumatir kashi biyu ne wajen yadda yake girma. Akwai mai yaɗo, wanda yake ta miƙewa yana fure yana 'ya'ya ba ya tsayawa sai ya mutu. Irinsa ne ƙananan tumatirin nan masu tsami da ke fitowa da kansu a juji da damina. Akwai kuma gajere, wanda in ya kai kamar guiwar mutum ko ƙugunsa sai ya tsaya, ya yi fure a kan kowane reshe, ya zuba 'ya'yansa kusan lokaci guda. Gajeren shi ne na tukunya. Saiwarsa ba ta neman wuri mai yawa, ba ya bukatar doguwar sanda, iska ba ta saurin kayar da shi. Mai yaɗo in ka sa shi a tukunya zai cinye abincin da ke ciki kafin ya ba ka abin kirki.

Cikin gajerun akwai biyu da kuka sani sarai. Na farko Roma, mai 'ya'ya dogaye kamar ƙwai, mai tsoka, marar ruwa da yawa. A Amurka aka fitar da shi a shekarar 1955, kun ga ya tsufa ke nan, kakanninmu ma sun noma shi. In kun ga an rubuta Roma VF a jikin gwangwani, ma'anar haruffan biyu ita ce yana jure wasu cututtuka biyu na ƙasa masu sa tumatir yaushi. Na biyu shi ne UC82B, daga Jami'ar Kalifoniya ya fito. Ya fi Roma gajarta da dunƙulewa, 'ya'yansa masu tauri ne, shi ya sa masu kai kaya Kudu suke son sa. Ni dai a tukunya na fi son UC82B don ƙanƙantarsa, amma uwargida da ke neman miya mai kauri ta ɗauki Roma, ba za ta yi da-na-sani ba.

Abin da ya haɗa waɗannan biyu, kuma shi ya sa na zaɓe su, shi ne iri ne na gado. Wato in ka cire 'ya'yan cikinsa ka ajiye ka shuka baɗi, abin da ka shuka bana shi zai fito maka. Furen tumatir shi yake yi wa kansa barbara, ba kamar masara ba da iska ke kawo mata na gonar maƙwabci, don haka iri yana daɗewa bai gurɓace ba. Akwai kuwa irin zamani da ake sayarwa a ƙananan fakiti masu tsada, an rubuta F1 a jikinsu. Wannan auren iri biyu ne aka yi. Yana ba da amfani mai yawa a shukar farko, ban musa ba, kuma wasunsu sun fi jure zafi da cuta. Amma in ka ajiye 'ya'yansa ka shuka, sai ka ga wani dogo, wani gajere, wani ba ya haihuwa sosai, dole kowace shekara ka koma kanti. Babban manomi mai neman kasuwa yana iya ɗaukar wannan nauyi. Mai tukunya goma ba ya bukata.

Kada a sayi iri a ƙulle cikin leda wurin wanda bai san sunansa ba. Kada kuma a matse tumatirin da aka sayo na miya a ce an sami iri, don ba ka san uwarsa ba, wataƙila F1 ce, wataƙila mai cuta ce. A karon farko a sayi na gwangwani ko fakiti daga amintaccen mai sayar da kayan gona, a duba kwanan watan da ke jiki. Mu nan Allah ya yi mana gata, Samaru tana kusa, Cibiyar Binciken Aikin Gona tana can tun 1922, wanda ya rasa gane iri ya je ya tambaya. Giram 1 na irin tumatir yana da ƙwaya wajen 300. Gida goma za su iya haɗa kuɗi su sayi fakiti ɗaya su raba, ya ishe su har ya yi saura.

Tukunya da ƙasa

Kowane tumatir ɗaya yana son mazubi mai cin lita 20, zurfinsa ya kai ƙafa ɗaya, wato santimita 30. Jarkar man gyaɗa da aka yanke wa kai ta yi. Bokitin fenti babba da aka wanke sosai ya yi. Buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa ya yi, sai dai rana tana cinye shi, ba ya wuce shuka ɗaya ko biyu. Mafi kyau duka ita ce tukunyar ƙasa: tsohuwar randa da ta tsage, ko tulun da ya daina riƙe ruwa, waɗanda iyayenmu mata ke jingine wa a bayan ɗaki. Tukunyar ƙasa tana numfashi, tana sanyaya saiwa kamar yadda take sanyaya ruwan sha. Aibinta ɗaya, tana saurin bushewa, sai an ƙara mata ruwa fiye da roba. Baƙar roba kuwa tana dafa saiwa da bazara. Wanda ita ke gare shi ya naɗe ta da tsohon buhun algarara ko ya shafa mata farar ƙasa. Jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi ko baƙin mai a ciki, a bar ta, ba ta noman abinci ba ce.

A huda gindin mazubin wuri 5 ko 6 da ƙusa mai zafi. Tukunyar ƙasa a huda ta a hankali da bakin ƙusa, ana jiƙa wurin. In ba huda, ruwa zai kwanta, saiwa ta ruɓe cikin 'yan kwanaki. Sa'an nan a ɗora tukunyar bisa bulo biyu ko duwatsu. Kada ta zauna a ƙasa, don saiwa takan bi ta hudar ta shiga ƙasar gida ta kwaso cutar da muke gudu, gara kuma ta sami hanya.

Ga haɗin ƙasa. Kwano biyu na ƙasar sama mai kyau, kwano ɗaya na taki ruɓaɓɓe, kwano ɗaya na yashin rafi ko ɓuntun shinkafa da aka babbaka. A cakuɗa sosai. Ƙasar a ɗebo ta daga inda ba a noma tumatir, ko barkono, ko attarugu, ko gauta, ko dankalin Turawa ba cikin shekara uku, don duk dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Taki kuwa, na awaki da tumaki ya fi sauƙin samu a gidajenmu kuma yana da kyau. Kashin kaji ya fi ƙarfi, a rage shi zuwa rabin kwano. Ko wane ne dai, sai wanda ya ruɓe ya yi baƙi, ya daina wari da zafi. Ɗanyen taki yana ƙone shuka. Laka zalla ta fadama ba ta yi, in ta bushe a tukunya sai ta zama kamar tubali.

Akwai wata tsutsa a cikin ƙasa da ido ba ya gani, mai sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu kamar carbi. Tumatirin da ta kama yakan tsaya cak, ya yi yaushi da rana ko da an ba shi ruwa. Maganinta a wurin mai tukunya mai sauƙi ne, rana ce. A jiƙa ƙasar da aka haɗa, a baza ta kada kaurinta ya wuce taƙi ɗaya, a rufe da farar leda a danne gefe da duwatsu, a bar ta a tsakar rana mako 4 zuwa 6. Zafin Maris da Afrilu da muke kuka da shi, a nan ya yi amfani. Mai gaggawa ya zuba ƙasar a rabin duro, ya yayyafa ruwa, ya rufe, ya hura wuta a ƙarƙashi har tururi ya ratsa ta kamar ana dafa dambu, sa'an nan ya bar ta ta huce kwana biyu.

Lokacin shuka

Tumatir ba ya son zafi mai tsanani. In zafin rana ya haura awo 32 zuwa 35, dare kuma bai yi sanyi ba, fure yakan kaɗe ba tare da ya ɗaura ɗa ba. Shi ya sa yake yin kyau da hunturu, shi ya sa kuma yake ɓacewa bayan bazara. Tukunya ba ta canza halin tumatir. Abin da za mu yi shi ne mu auna lokaci, furen ya fito bayan zafin ya karye.

Lissafin shi ne: iri yana tsira cikin kwana 5 zuwa 8. Yana yin mako 3 zuwa 4 a wurin reno kafin dashe. Bayan dashe yakan yi fure cikin kamar wata guda, a soma tsinkar nunanne cikin kwana 70 zuwa 80. Saboda haka wanda ya zuba iri a tsakiyar Afrilu, a inuwa, zai dasa a tsakiyar Mayu lokacin da ruwa ya soma sauka, fure ya fito a Yuni, ya ci tumatirinsa daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta, daidai lokacin da kasuwa ta yi zafi. Mayu da Yuni kam, gaskiya, da wuya tukunya ta cika muku su, don furensu a tsakiyar bazara zai faɗo. Waɗannan watanni biyu sai a dogara da kauɗar da aka shanya tun lokacin arha. Wanda ya ga zai gwada, ya zuba iri a farkon Janairu, ya riƙa ba shukar ranar safe kawai in zafi ya shigo. Zai samu, amma ba da yawa ba.

Ga wani abu da nake so ku riƙe. Na ce gajeren tumatir yana zuba 'ya'yansa kusan lokaci guda. Cikin mako 3 ko 4 ya gama, ya tsufa. In ka dasa tukunya 12 rana ɗaya, za ka yi mako uku kana rabon tumatir wa maƙwabta, sa'an nan ka koma kasuwa. Dabara ita ce a raba. A dasa 4 yau, bayan mako uku a dasa 4, bayan wani mako uku a dasa sauran. Da haka miya ba ta yankewa daga Yuli har Oktoba, kafin nan kuma na lambu ya kusa shigowa.

Reno da dashe

Wurin reno ba wani abu ba ne, tsohon kwano mai huda ko ledar ruwan sha da aka yanke wa baki. A cika da ƙasar nan da aka gasa, a sa ƙwaya biyu a kowace leda, zurfin rabin gaɓar yatsa, a rufe, a yayyafa ruwa safe da yamma. A ajiye inda akwai haske amma ba rana mai duka ba, kuma inda kaji ba sa kaiwa. In sun fito a bar mai ƙarfin, a tsinke ɗayan. Dashe ya yi in ya fitar da ganye 4 ko 5, tsawonsa kamar taƙi ɗaya. Kwana uku kafin dashe a riƙa fitar da shi rana kaɗan-kaɗan ya saba.

A dasa da yamma. Ɗaya tak a kowace tukunya. Na san zuciya takan raya wa mutum ya sa biyu ko uku don ya ga wuri ya rage, amma biyu a tukunya ɗaya ba su kai ɗaya amfani ba. A binne karan har zuwa ganyen farko, don jikin tumatir yana fitar da sabuwar saiwa duk inda ya taɓa ƙasa. A bar kamar yatsa uku tsakanin ƙasa da bakin tukunya saboda ban ruwa. Ranar dashen a kafa 'yar sanda mai tsawon kamu biyu, kada a bari sai ya girma a zo ana soke masa saiwa. Ko da yake gajere ne, in 'ya'ya suka yi nauyi yana kwantawa, ga shi hadarin farkon damina a nan daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi. A ɗaure da tsumma, sako-sako.

Ruwa, rana da abinci

Tumatir yana son rana awa 6 ko fiye kowace rana. A ƙarƙashin mangwaro zai yi tsawo ya yi ganye, ba zai haihu ba. Da damina kuma ba ya son ruwa ya riƙa dukan ganyensa, musamman a Agusta da ake kwana ana wuni ana yi. Abin da ya fi shi ne a kafa sanduna huɗu a ɗaura farar leda a sama kamar rumfa, a bar gefe a buɗe iska ta riƙa ratsawa. Haske zai shiga, ruwa ba zai taɓa ganye ba. Wanda bai sami leda ba ya riƙa jan tukwanen zuwa ƙarƙashin baranda in hadari ya haɗu. Aikin yara ne wannan, kuma suna son sa. A bar tazarar kamu ɗaya tsakanin tukunya da tukunya.

Ban ruwa shi ne inda mai tukunya yake ci ko ya faɗi. Ƙasar tukunya kaɗan ce, ba ta da ajiya. Babban tumatir mai 'ya'ya yana shan lita 1 zuwa 2 a rana, da zafi ya fi haka. Kada a bi agogo, a bi yatsa: a soka yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, in ya fito a bushe a ba da ruwa har ya ɗigo ta ƙasa, in da danshi a bari. A zuba a gindi, da safe, kada a watsa a ganye. Kun taɓa ganin tumatir da gindin ɗansa ya yi baƙi ya lotsa kamar an ɗana masa wuta? Mutane sukan ce cuta ce su sayo magani. Ba ƙwaro ba ne, feshi ba ya yi masa komai. Rashin daidaiton ruwa ne, yau ƙishi gobe ambaliya, sai shukar ta kasa kai sinadarin alli zuwa ga ɗan. Roma kuwa ya fi kowa wannan hali. Tsagewar 'ya'ya ma daga nan take. A rufe saman tukunya da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, danshi zai daɗe.

Iyayenmu mata sukan tambaye ni ruwan da aka riga aka yi amfani da shi. Ruwan wankin shinkafa, da na gero, da na wanke ganye, duk suna da kyau. Ruwan wanki mai omo, da ruwan wanke-wanke mai mai da gishiri, kada a zuba. A ƙasa yana iya bajewa, a tukunya taruwa yake yi har ya kashe shukar.

Takin gargajiyar da aka haɗa da ƙasa zai riƙe shukar kamar wata guda. Bayan nan sai an taimaka. Mako biyu da dashe a sa takin zamani NPK 15-15-15 cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, wato kimanin giram 6, a zagaya da shi bakin tukunya nesa da kara, a rufe da ƙasa, a ba da ruwa. A maimaita duk bayan mako uku har 'ya'ya su soma nuna. Murfi ɗaya na ce, ba tafin hannu ba. Wanda ba shi da kuɗin takin zamani ya jiƙa ruɓaɓɓen kashin awaki gwangwanin madara uku a bokitin ruwa kwana uku, ya tace, ya riƙa ba su sau ɗaya a mako. In fure ya fito a barbaɗa tokar murhu cokali biyu, tana taimakon 'ya'ya. Yuriya kuwa a bar wa masara. Tumatirin da ya sha yuriya yakan yi kore shar, kowa ya zo ya yaba, amma ganye za ka ci.

Kada a yanke wa gajeren tumatir 'yan rassan da ke fitowa a hammatarsa. Mai yaɗo ake yi wa haka. A gajere, kowane reshe da ka cire 'ya'ya ka zubar. Ganyen ƙasa da suka yi rawaya ko suke taɓa ƙasa su kaɗai za a cire. Da hantsi kuma, in fure ya buɗe, a ɗan girgiza sandar da yatsa. A cikin gida iska ba ta kaɗawa kamar a gona, girgizar tana taimaka wa furen ya ɗaura.

Abokan gaba

Akuya da kaza ba sai na yi muku bayani ba, a yi shinge da kara ko a ɗora tukwanen bisa benci. Ƙadangare da tsuntsu suna son nunanne, saboda haka a tsinke tumatir da zarar ya soma ja, zai ƙarasa nuna a ɗaki ba abin da zai rage masa.

Sharon ita ce babbar. Asalinta daga Kudancin Amurka take, inda shi kansa tumatir ya fito. Ta shiga Sifen a 2006, daga nan ta bazu har ta iso mu. Uwar wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka, da dare yake yawo, mace ɗaya tana iya yin ƙwai sama da 200. Tsutsar takan shige tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa tana ci, sai ka ga wani farin tabo kamar takarda, in ka ɗaga shi a rana ka hango ta ciki da baƙin kashinta. Daga ganye ta koma 'ya'ya. Abin da ya sa ta gagari manyan manoma shi ne magani ba ya isa inda take, kuma ta saba da magunguna da yawa. Amma mai tukunya goma ya fi mai eka goma ƙarfi a kanta, don yana iya duba kowane ganye. Kowace safiya a duba. In an ga tabon a murtsuke tsutsar da yatsa, ko a tsinke ganyen a jefa a murhu. Kada a yar a tsakar gida, za ta ƙarasa girma a ƙasa ta dawo. Tsohon gidan sauro da aka daina kwana ciki, in an wanke shi aka ɗinke hudojinsa aka lulluɓe tukwanen tun daga dashe, yana tare uwar.

Akwai kuma farin ƙuda, ɗan mitsitsi, mai zama a bayan ganye. Shi ke kawo cutar da ke sa ganye ya nannaɗe ya ƙanƙance, shukar ta tsugune. Wadda ta kamu ba ta warkewa, a tuge ta a ƙone tun ba ta shafa wa sauran ba. Haka wadda ta yi yaushi farat ɗaya alhali ganyenta kore ne kuma ƙasarta da danshi: a fitar da ita har da ƙasar tukunyar, a wanke tukunyar a shanya. Masu shan taba ko murza ta su wanke hannu da sabulu kafin su taɓa shukar, akwai cutar ganyen taba da ke kama tumatir.

Maganin da na yarda da shi a cikin gida shi ne 'ya'yan dogon yaro. A daka busassun ƙwayoyin kimanin giram 50, wato tafin hannu guda, a jiƙa a lita 1 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a ɗiga ɗan ruwan sabulun wanka, a fesa sama da bayan ganye da yamma, sau ɗaya a mako. Ba ya kashewa nan take, hana su ci da hayayyafa yake yi, don haka a fara tun ba su yi yawa ba. Ina roƙonku, kada wanda ya fesa fiya-fiya ko maganin gonar auduga a kan tumatirin tsakar gida. Yara suna wasa a wurin, suna tsinka su kai baki ba wanki.

Ajiye iri

Tun da saboda wannan muka zaɓi irin gado, bari in faɗi yadda ake yi. Kada a jira ƙarshen shuka a tattara ragowar a ce na iri ne. A zaɓi shukar da ta fi kowace lafiya da haihuwa, gajeriya mai dunƙulewa, a ɗaura mata jan tsumma kowa a gida ya san ba ta miya ba ce. Daga 'ya'yanta na fari ko na biyu a bar 4 ko 5 su nuna sosai a jikinta. A yanka, a matse ƙwayoyin da ruwansu a kofi, a rufe da ƙyalle a ajiye a inuwa kwana 2 zuwa 3. Zai yi tsami ya yi fari-fari a sama, haka ake so, tsamin ne ke narkar da yauƙin da ke jikin ƙwayar ya kuma rage cuta. Kada ya wuce kwana uku, in ba haka ba zai soma tsira. A zuba ruwa a motsa, mai kyau zai nutse, holoƙo ya taso a zubar. A wanke sau uku, a baza a faifai ko ƙyalle a inuwa mai iska har mako guda. Ba a shanya iri a kan kwano ko langa a rana. In ya bushe ƙayau a zuba a kwalba mai murfi tare da ɗan toka mai sanyi, a rubuta sunan irin da wata da shekara, a ajiye a wuri mai sanyi. Zai kai shekara uku yana tsira. In ana shuka Roma da UC82B a gida ɗaya, a ɗan nisanta waɗanda za a cire wa iri da juna, kuma kada a haɗa su kofi ɗaya.

Bayan an gama tsinka a tuge karan a duba saiwar. In fara ce sumul, ƙasar tana da lafiya, a ƙara mata taki a shuka alayyafo ko albasa ko latas a ciki kafin a sake mai da tumatir. In an ga ƙulu-ƙulu, a juye ta a sake gasawa a rana.

Wanda zai bi lissafin damina, aikinsa yana farawa a farkon Maris da haɗa ƙasa da rufe ta da leda. Ga tukunya biyu nan na kawo, ɗaya ta ƙasa ɗaya jarka, da irin Roma da na UC82B. Ku matso ku ga yadda ake huda su da yadda ake haɗin ƙasar, mai tambaya kuma ya yi.